Tulun da ya dawo ba ruwa

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa har yau yana mayar da ni garinmu Attantane, damunar da ruwa ya rushe rabin unguwarmu. Katangar ɗakin kakata ta faɗo a kaina da la'asar, maza suka tono ni da hannu. Karayar ƙafa kawai na samu, kuma na warke. Inna ce ba ta warke ba.

Kin san al'adarmu. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, balle ta nuna damuwa a kaina gaban surukarta, wato kakata. Ranar da aka tono ni, tana bakin murhu tana tuƙa tuwon da tuni ya ƙone. Mata suka yaba, wai ta cika kunya. Daga nan ta daina cin abinci, ta rame, hadari na haɗowa jikinta ya ɗau rawa. Kakata ta ce iska ce. Aka yi turare, aka sha rubutu, shiru.

Sai ga wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a daga Mayahi a kan moto. Kakata, wadda bakinta ba ya hutu, ta leƙa bayan moton ta ce, "Wasu sun kawo hatsi da tabarmi, ke mi kinka kawo muna?"

"Saurare na zo yi, Iya," in ji matar.

Ta zauna cikin mata tana taya su ɓarar wake. Kowace ta faɗi asararta, wannan rumbu, waccan awaki. Inna ta ci gaba da ɓarar wakenta, amma matar ta lura duk lokacin da na wuce ina dogara sanda, idon Inna na kan ƙafata. Zuwanta na gaba sai ta ɗauki tulu, ta roƙi Inna ta raka ta rijiya, can nesa da idon suruka.

Sun daɗe. Suka dawo tulu ba ruwa, idon Inna jajir. Ranar ta cinye tuwonta. Gwaggona ce ta gaya mini bayan na girma cewa matar tambaya ɗaya ta yi mata, yadda ta ji sa'ad da ake tono ɗiyarta, Inna ta yi kukan da ta haɗiye tun ranar.

Matar ta yi ta zuwa har aka yi girbi. Kakata ma ta gano bakin zaren. Sai ta riƙa kora ni: "Tahi uwarki ta shahe miki ƙahwar da mai, hannuna ya gaji." Hannun da ke daka kullum! Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na shafar man nan ba.

Yanzu ina aure a Tasawa, cikin gidan siminti, yaran yau kuma uwayensu na kiran sunansu ba kunya. Inna har gobe ba ta kiran nawa. Amma hadari na tasowa wayata za ta yi ƙara, in ji muryarta ba rawa: "Ke, katangar gidanku lahiya take?"