Jan Hatimi a Fadamar Baba

A garinmu Taba, duk wanda ya kafa teburi a bakin kotu da keken buga takarda da kwalin jan hatimi, sunansa lauya. Lauyan bakin kotu muke ce masa. In aka ce wane ya je wurin lauya ya dawo da takarda, to magana ta ƙare, sai dai a yi wa ɗaya ɓangaren jaje. Wannan sunan shi ya cinye fadamar mahaifina.

Baffa, ƙanen Baba, ya sayar da tasa gonar ta gado ya narkar da kuɗin a fataucin da bai iya ba. Da ya waiwaya bai ga komai ba sai raken yayansa yana kaɗawa a bakin rafi. Wata safiya na zo ganin gida daga Maƙarfi inda nake aure, sai ga shi da takarda a leda, an manna mata jan hatimi mai haƙora kamar zarto. Ya ce lauya ya rubuta, fadama tasa ce.

Baba bai yi boko ba, ni ma nawa bai wuce rubuta sunana ba. A wurinsa kotu da gidan yari ƙofarsu ɗaya. Dattawan gari sun san iyakar gonar tun zamanin kakanmu, amma da suka hango jan abin nan kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba ya ce, "To, na bar maka. Amma rake ya ƙosa, bari in yanke abin da na shuka."

Baffa ya ninke takardarsa ya ce, "Yaya, ai takarda ba ta san rake ba."

Da furfurarsa Baba ya koma ƙwadago wurin masu dafa mazarƙwaila, yana iza wuta a murhu. Hayaƙi ya cinye masa ido, baƙin ciki ya ƙarasa sauran. Ranar jana'iza Baffa ya fi kowa sharɓar kuka. Na tsane shi, kuma ban taɓa roƙon Allah ya cire min tsanar ba.

Shekaru suka ja. Makaranta ta buƙaci takardar shaidar haihuwar babbar 'yata, na tafi bakin kotu. Mai teburin dattijo ne, ya ajiye keken bugu ya koma kwamfuta. Da ya gama sai ya jawo kwali, cike fal da jan hatimin nan, ya ɓalle ɗaya ya manna.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

"Wannan? Ado ne, Hajiya. A Zariya nake sarowa."

"Au, kai ba lauya ba ne?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ku kuka raɗa mana. Ni takarda nake sayarwa, yadda mai kanti ke sayar da sabulu. Abin da mutum ya faɗa shi nake bugawa. Sai kin shiga ciki kin rantse an sa hannu, kuma ko hakan ba hukunci ba ne."

Inna lillahi! Na nemi benci na zauna. Ashe abin da ya kai ubana ƙasa a kwali ake sayar da shi. Na san kuma Baffa, jahili ne tuburan. Shi ma ya ɗauka hukunci ya sayo. Na ce wa dattijon ya buga min wata, cewa fadama ta magadan Baba ce. Gaskiya ce tsagwaronta, na shiga na rantse a kai. Da na fito na sa ya manna mata hatimi uku.

Ya ce, "Ɗaya ma ya isa."

Na ce, "Bai ishe ni ba."

Ban kai ta nan take ba. Na jira rake ya ƙosa, na jira Baffa ya tara masu yanka, ya kira mota ta tsaya a bakin gona. Sannan na yafa mayafina na isa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na tambayi gida da iyali da ciwon ƙafarsa, ban rage komai ba. Sannan na miƙa masa.

Ya riƙe ta a juye. Yatsansa ya bi jajayen nan ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi dattawan da na gayyato, sai ga bakinsu ya buɗe, kowa ya tuna inda iyaka take. Kaico, munafukai!

Baffa ya ce, "Lauyanki ya fi nawa." Sannan ya ce, "'Yata, ki dubi zumunci. Bari in yanke abin da na shuka."

Na daɗe ina ajiye amsar a bakina, ta yi zaƙi. Na ce, "Baffa, ai takarda ba ta san rake ba."

Masu yankan da ya tara ni suka yi wa aiki, motarsa ta kai rakena kasuwa. Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi; ni dai ban ji ta ƙona ni ba. Yana nan da ransa, ina gaishe shi duk Sallah. Kuma duk kaka ina zaɓar rake mafi kauri a fadamar Baba in aika masa, na san ba shi da haƙori ko ɗaya.