Ranar da aka sa ni alƙalin hoton malam-buɗe-littafi

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ƙaramin komi, wato akawu, a wani biro na gwamnati a Yamai. Ina da tsohuwar kamara da na saya hannun wani Bature mai komawa gida, saboda haka na shiga wata 'yar ƙungiyar masu sha'awar ɗaukar hoto. Shugabanmu wani mushen lakwal ne, wato malamin makaranta. Shi ya kawo shawarar a yi gasa bayan damina: kowa ya ɗauko hoton malam-buɗe-littafi, wanda ya ci a ba shi rediyo. Kwana kaɗan kafin ranar sai aka canja masa wurin aiki zuwa Dosso. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne alƙali, kana da ido." Ni kuma don wauta har na yi masa godiya.

Da hotuna suka fara zuwa na gane abin da na ɗauko wa kaina. Duk baƙi da fari ne, ga shi ƙwaron nan launinsa ne adonsa. Rabin hotunan ganye ne zalla. Na tambayi wani tela da ya kawo nasa, "Ina malam ɗin yake?" Ya ɗora yatsa a kan reshe ya ce, "A nan yake, wallahi, tashi ya yi." Wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi kuwa kansa ya sa aka ɗauka, cikin babbar riga, ya ce in duba da kyau kusa da hularsa. Na duba har idona ya yi ruwa. Ƙuda ne.

Sai gaisuwa ta yi yawa a gidana. Mutanen da ba su taɓa sanin ƙofata ba suka riƙa zuwa tambayar lafiyar iyali, wani da goro, wani da zabo.

Ana haka shef ɗinmu na biro ya kira ni, ya miƙo ambulan. "Ɗan ƙaramin abu ne, ka haɗa da na sauran," in ji shi. Hoto ne mai kyau ƙwarai: fukafukai a buɗe, kowane zane ya fito, ko motsi babu. Na kai gida ina murna, tunda in shi ya ci na huta.

Lokacin mahaifiyata ta zo daga Damagaram. Ta tarar da ni na baza hotuna a tabarma, ta ce, "An ce an ba ku ƙasa ku riƙe, ashe ƙwari kuke bi?" Ta ɗauki na shef ta nisanta shi da idonta. "Wannan ai gawa ce."

"Inna, wace irin gawa?"

"Mai rai ba ya shimfiɗewa haka kamar an yi masa guga."

Na matso da hoton kusa da haske. Ga kan allura nan a tsakiyar bayan ƙwaron, ga tururuwa biyu ma sun doso ta gefe.

Akwai kuma wani hoto da na ture tun farko, na wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mutumin Tawa. An ɗauki hoton a wata garka, wato lambu, a unguwar Gamkalle. Ƙwaron ya sauka a bakin gwangwanin ban ruwa yana sha, fiffike ɗaya a yage, ɗayan ya ɗan dushe saboda motsi, bayansa ganyen salati da rana ta ratsa. In ka dube shi sai ka riƙe numfashi don kada ya tashi.

Kwana uku ina jin haushin kowa: mushen da ya gudu ya bar ni, shef da allurarsa, har da Inna da idonta. Abokina na biro ya ce, "Ka ba shef kawai. In ya tura ka can gabas cikin rairayi, ƙwaro ne zai dawo da kai?"

Ran gasar na yi abin da matsorata ke yi. Na ba direba rediyo, na kuma ƙirƙiro wa shef wata daraja, wai "hoto mafi natsuwa". Wani ya yi dariya daga can bayan taro. Shef bai yi ba. Don in kare kaina sai na zuba jawabi a kan haƙurin direban, yadda ya kwanta cikin laka yana jira, yadda ya girmama halittar Allah. Na ce ya taso ya faɗa wa jama'a sirrinsa.

Ya miƙe yana sosa ƙeya. "Mushe, ni fa salatin ƙanena nake ɗauka, zai aika wa tsohuwarmu ta ga garkarsa. Wannan abin ya shigo ya ɓata mini fim. Shi ne aka ce in kawo nan."

Wurin ya kece da dariya. Na tsaya da takardar jawabi a hannu, na rasa aljihun da zan cusa ta.

Ba a tura ni gabas ba. Ɗakin tsofaffin takardu aka mayar da ni, na yi wata bakwai ina atishawa, shef kuma ya daina amsa gaisuwata sai da kai. Ƙungiyar ba ta sake kirana alƙalanci ba, ni ma ban nema ba.

Yau na tsufa, in na tuna har yanzu raina yana ɗan ɓaci, amma ba a kan zaɓin ba. Ko gobe aka shimfiɗa mini hotunan nan biyu, na direba zan ɗauka, don a cikinsa akwai abin da ke shirin tashi. Abin da ke ci mini rai shi ne jawabin. Na ga gaskiya da idona, maimakon in faɗe ta cikin kalma biyar in zauna, sai na yi mata ado da ƙarya don tsoron mutum ɗaya. Tun daga ranar, in aka tambaye ni me ya sa abu ya burge ni, nakan ce ya burge ni, in ja bakina in yi shiru.