Tikitin Obdulia

Bakinta cike yake da ruwa lokacin da na leƙo ta kan katanga. Haka take yi kowace safiya: ta shimfiɗa farin leshin da ya sha sitati a kan tebur, ta guntsi ruwa, ta fesa shi siriri kamar yayyafin farkon damina, sannan ta bi shi da dutsen guga. A duk yinin Allah wannan ne kaɗai lokacin da Obdulia ba ta iya mayar da magana, shi ya sa na zaɓe shi.

Na ce, "Awa bakwai ne fa kacal a jirgin sama. Ki sa wando da taguwa, ki tura gashin nan cikin hula. Muna sauka Tijuana ki faɗa banɗaki ki koma yadda kike. Wa zai sani?"

Ta dube ni da kumatu a kumbure. Ta fesa ruwan, rabi a kan leshi, rabi inda fuskata take.

"Hilario, shekara hamsin kana rubuta waƙoƙin da ko akuya ba ta ci, yau kuma ka zama mai ba da shawara? Sauka daga katangata kafin ƙugunka ya tuna shekarunsa."

Na sauka. Shekara sittin da ɗoriya muna maƙwabtaka a unguwar masunta ta Juchitán, ban taɓa cin ta a gardama ba, kuma ban daina gwadawa ba.

Fulgencio aka raɗa mata a coci, domin namiji aka haifa. Tun tana shekara shida take yafa mayafin uwarta tana zagaya tsakar gida. Ubanta ya gwada kai ta su a tafki. Ta yi amai tun daga gaɓa har tsakiyar ruwa, amma da suka dawo ta zauna ta gyara masa komarsa da ƙulli mai kyan da sauran masunta suka riƙa zuwa kallo. Tsohon ya juya komar sama da ƙasa, ya yi tsaki, ya ce a bar wa allura abinta. A garinmu akwai maza, akwai mata, akwai waɗanda muke kira muxe, masu jikin maza da rayuwar mata. Ba wai ba a taɓa jifanta da baƙar magana ba. An yi, kuma duk wanda ya yi ya koma gida da ninkinta.

Wando na ƙarshe da ta sa, ranar jana'izar ubanta ne, tana shekara goma sha shida. Washegari ta yayyanka shi ya zama tsumman sauke tukunya. Daga nan sai doguwar siket da riga mai furanni, da suna Obdulia wanda ta zaɓar wa kanta. Ta yi jinyar uwarta shekara goma sha ɗaya a ɗakin da take aiki, allura a hannu ɗaya, cokali a ɗayan. Furannin da take yi da surfani a kan baƙin karan-miski, in ka tsaya kusa da su sai hancinka ya fara neman ƙamshi. Rabin amaren unguwarmu ita ta yi musu kaya, ita ta yi musu kitso, ita ta tsawata musu su daina kuka kada kwalli ya zuba.

Da ƙanwarta ta rasu ta bar jaririya Nereida, Obdulia ce ta ɗauke ta, ni kuma na riƙe ta a wurin baftisma. Yarinyar ta girma tana kiranta Inna, ta yi karatun jinya, ta sami aiki can Tijuana a ƙarshen ƙasa. Yanzu za ta yi aure ranar Asabar da safe, ta kuma rantse ba za ta shiga coci ba sai Innarta ta sa mata kaya da hannunta. Wata takwas Obdulia tana yi wa kayan surfani, ba ta gama ba sai ranar Alhamis. Mota kwana biyu take yi da wani abu. Saura jirgin Jumma'a, wanda in ya tashi babu mu, shi ke nan. Nereida ta sayi tikiti biyu ta waya ta turo.

Obdulia ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ta fito ranar kamar mai zuwa bikin shekara: siket ja har ƙasa, sarƙar zinarin uwarta, gashi a naɗe bisa kai kamar kambi da ribom ruwan ɗorawa. Kwalin kayan amarya a rungume a ƙirji, ko direban tasi ba ta bari ya taɓa ba.

A filin jirgi wani saurayi ne a bayan kanta, ɗan arewacin ƙasar daga jin maganarsa, mai ladabi har ya yi yawa.

"Barka da zuwa, Doña. Katin shaida?"

Ta ciro katin zaɓenta daga cikin riga ta ajiye. Ya dubi katin, ya dubi allonsa, ya sake duban katin. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ina jin kin ɗauko na maigidanki ne."

"Wannan?" Ta nuna ni da haɓa. "Allah ya kiyaye. Nawa ne. Dubi hancin, akwai irinsa biyu a ƙasar nan?"

"Fuskar taki ce, Doña..." Ya gyara zuwa yadda ake kiran maza. "Don... Amma tikitin na Obdulia Regalado ne, katin kuma na Fulgencio Regalado."

"To, ga su nan duka biyun a gabanka, ka samu sauƙi."

"Ba zan iya ba da takardar shiga ba sai sunan ya zo ɗaya."

Na dafe kai. Mako uku ina fama da ita a kan wando, ban taɓa tunanin in duba sunan da ke kan tikiti ba. Kuma ko na duba, me zan gani? Obdulia zan gani in ce daidai ne. Ni kaina sai da na ji sunan Fulgencio a bakin yaron nan ya faɗo mini kamar sunan wani mamaci da aka daɗe da binnewa.

Aka kira shugabarsu, wata mace mai tabarau a rataye a wuya. Ta ce za a iya gyarawa in wadda ta sayi tikitin ta tabbatar da sunan da bakinta. Na kira Nereida na sa a lasifikar waya. Shugabar ta tambaye ta cikakken sunan fasinja kamar yadda yake a kati.

"Obdulia Regalado Luis," in ji Nereida.

"Ba ki san wani Fulgencio ba?"

"Wane ne kuma Fulgencio? Baba Hilario, wani kuka ɗauko? Na ce muku kujeru a ƙirge suke!"

Obdulia ta fizge wayar. "Ke sakarya, ni ce Fulgencio!"

Sai wata ƙara daga can ƙarshen ƙasa, ta dariya, irin wadda take sa mutum zama a ƙasa. "Inna! Fulgencio? Shekara ashirin da bakwai kina ɓoye mini wannan?"

"Ban ɓoye ba, ba wanda ya tambaya. Ki gaya wa matar nan abin da take son ji, ko gobe ki yi aure da rigar asibiti."

Nereida ta faɗa, tana shaƙewa. Shugabar ma ta juya baya tana gyara tabarau. Amma gyaran ya ci minti arba'in, ana buga waya ana jira, ni ina kallon agogon bango yana cin lokacinmu kamar gara. Da takardar ta fito da sunan Fulgencio, Obdulia ta riƙe ta da yatsu biyu nesa da jikinta, yadda ake riƙe kifin jiya.

Saura ƙofar bincike. Na wuce lafiya, ba ni da komai sai ƙashi. Kwalin ya bi ta cikin na'ura tana binsa da ido kamar an saka jariri a tanda. Ita kuwa tana sa ƙafa ƙofar ta fasa kuka. Ta cire sarƙa tana gunaguni. Kuka. Ta cire 'yan kunne, ta cire zobba huɗu. Kuka.

"Akwai ƙarfe a gashinki, Doña?" in ji mai gadin, wani kakkaura mai gashin baki.

"Fil arba'in da biyu. Da me kake so in riƙe shi, da addu'a?"

Ya ce sai an laluba ta da hannu a ɗakin gefe. Ta ce to wannan tsohon zai shiga ya zama shaida, ba ya gani sosai amma yana da baki. Aka bar ni na shiga, ta danƙa mini kwalin in riƙe.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, fitila mai sa fuskar kowa ta yi kore. Mai gashin baki ya shigo da wata ma'aikaciya, yarinya siririya mai tabo a haɓa. Ya karɓi takardar shiga ya karanta, nan take ya tsaya.

"A'a. Fulgencio. Ashe ni zan yi."

Yarinyar ta ce, "Ai da siket take, ni ce zan yi."

"Takarda ta ce namiji."

"To yi mana."

Ya dubi Obdulia daga kambin gashi har ƙasa, ya mayar da hannayensa baya kamar wanda ya tsaya gaban murhu. Ya ce wa yarinyar, "Kin san dai in aka kai ƙara sunana ne zai fito."

"In ni na yi kuma aka ce na saɓa takarda fa?"

Suka yanke shawarar kiran babbansu. Wayarsa ta yi ta ringi ba a ɗauka. Suka sake. Ni ina tsaye da kwali a hannu, ina jin haushin kowa: na mai gashin baki, na yarinyar, na Nereida, na limamin cocin da ya zaɓi sunan, da na wannan tsohuwar mai taurin kai da wando ɗaya zai raba mu da duk wannan. Na buɗe baki zan faɗa.

"Hilario, in ka ce wando sai na cusa maka kwalin nan."

Sai lasifikar filin ta yi magana a samanmu. Kira na ƙarshe ga fasinja Hilario Orozco da fasinja Fulgencio Regalado, za a rufe ƙofa nan da minti biyar.

Obdulia ta ja numfashi ta hanci. Na san wannan numfashin, shi take ja kafin ta shiga ɗakin amaryar da ta ƙi fitowa. Ta juya ga yarinyar.

"Ya sunanki, 'yata?"

"Yesenia."

"Yesenia, shekara arba'in ina tuɓe 'ya'yan mutane ina sa musu kaya, iyayensu mata na zaune suna shan koko, ba wadda ta taɓa neman takardata. Kawo hannun." Ta kamo hannayen yarinyar ta ɗora a kafaɗunta. "Daga nan ake farawa. Kai kuma mai gashin baki, ka juya ka ƙirga bango. In an tambaya ka ce ni na zaɓa."

Ya juya, har da ajiyar zuciya. Yesenia ta fara lalube a tsorace, Obdulia na yi mata gyara. "Danna sosai, ba ƙwai ba ne. Hankali da furen nan, kwana tara ya ci." Yatsun yarinyar suka bi ta cikin gashi, suka sauko gefen haƙarƙari, suka iso ƙugu, suka tsaya. Ta zaro wani abu da ke rataye da jan zare ta cikin siket.

Almakashi ne, ɗan ƙarami mai bakin tsuntsu, hannunsa ya yi baƙi saboda riƙo.

Na ce, "Obdulia! Almakashi? A jirgi?"

"To a ina zan bar shi? Tun ina shekara goma sha biyu yake ƙuguna. Kai kana barin haƙoranka a gida?" Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Na tabbata ta manta yana nan, yadda mutum yake mantawa da cibiyarsa.

Yesenia ta ce a hankali, "Ba zai shiga ba, Doña. Ko dai ki koma kanta ki saka shi a kaya, ko ki bar shi."

Komawa kanta minti goma ne. Duk mun sani. Lasifikar ta sake kiran Fulgencio, wannan karon da ɗan faɗa a muryar.

Obdulia ta sa haƙori ta tsinke zaren. Ta riƙe almakashin a tafin hannu na ɗan lokaci, ta shafa shi da babban yatsa. Na uwarta ne. Da shi ta yanke zaren ƙarshe na kowace riga da ta taɓa yi, har da wadda ke cikin kwalin da nake riƙe. Ta buɗe hannun Yesenia ta saka, ta naɗe yatsun yarinyar a kai.

"Ba kwandon shara ba, aljihunki. Ranar Laraba zan dawo ta nan. In na ji kin yanka takarda da shi, ko farce, zan sani, kuma ranar aurenki ko da kuka kika zo ba zan taɓa kanki ba."

"Ina da aure, Doña."

"Shi ya sa. Daga ganin gashin nan na san ba ni na yi ba."

Ta zuba sarƙa da zobba cikin riga, ta ƙwace kwalin daga hannuna, ta tattare siket da ɗaya hannun. Mai gashin baki yana fuskantar bango har yanzu, ba wanda ya tuna ya sallame shi.

"Kai, juyo haka nan. Buga musu waya ka ce Fulgencio na tafe, siket ce ta hana shi gudu. Hilario, ɗaga ƙafa, ko in bar ka nan a saka ka a aljihu kai ma."

Ta tura ƙofar da kafaɗa ta fice.