Jinin Ɓerayena a Maitama

Mun tashi da asuba daga Keffi, ni da abokiyar aikina, amma ƙarfe bakwai da kwata abin ya fara lalacewa: gosulo ya riƙe mu a Mararaba, ƙanƙarar da ke cikin kular da na rungume ta soma narkewa. A cikin kular akwai ƙananan kwalabe na jinin fararen ɓerayen bincikenmu. Tun farkon zango nake shayar da rabinsu ruwa mai sakarin, sinadarin zaƙin nan da ake sa wa zoɓo, rabi ruwa zalla, don mu ga ko zaƙin yana taɓa ƙwayoyin jini. Idan jinin ya ji zafi, aikin zango ya tashi a banza.

Wajen Nyanya na hango mai kunun aya da ƙanƙara cike da bokiti, na kasa buɗe baki. Abokiyata ta leƙa ta taga: “Hajiya, taimaka da ƙanƙara, jini muke ɗauke da shi!” Motar duka ta juyo, mai kunun ta miƙo mana ƙanƙara. Kafin mu kai Karu abokiyata ta ba fasinjoji labarin ɓerayen kamar ita ta raine su, ita da ko wutsiyarsu ba ta iya taɓawa. Wani dattijo har ya yi alkawarin daina shan zoɓon tasha.

Maitama wata duniya ce. Titi fes, bishiyoyi a jere, masu gadi sun fi masu tafiya a ƙasa yawa. A ɗakin gwajin da aka tura mu, ɓerayensu a cikin sanyin iyakwandishan suke kwana. Na tuna ɗakinmu na makaranta, na ji har su ina yi wa hassada. Ƙwayoyin da nake wuni ina ƙirgawa da ido a madubin likita, na'urarsu ta ƙirga kafin in gyara mayafi.

Jinin bai lalace ba, alhamdu lillahi. Shugabar wurin ta ɗaga kwalba ɗaya ta ce, “Wa ya ɗebi wannan? Hannunsa da tsabta.”

Na sunkuyar da kai. Abokiyata ta nuna ni, sannan ta zarce: “Madam, kuna ɗaukar ɗalibai koyon aiki kuwa?”

Gurbi ɗaya ya rage. Aka ba ta.

A hanyar dawowa ta sayo mana gurasa da tsire, ban ci ba. Abin da Abuja ta koya mini shi ne ƙanƙara da gurbi duk narkewa suke a hannun mai shiru.

Da muka iso sai da na canja wa ɓerayen ruwa, sannan na kai wa malaminmu sakamakon. Na daɗe a bakin ƙofa kafin na ce, “Malam, ni na yi aikin. Me ya sa ita aka ba gurbin koyon aikin?”

Ko ɗagowa bai yi ba. “Ita ta tambaya.”