Babu Wuri a Wayoyin Damargu

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, ni da abokin aikina da direban da muka ɗauko haya. Ku da kuke bibiyata kun san shekara biyu ke nan ina fama da manhajar nan tawa ta waya, wadda ke faɗa wa makiyayi kuɗin bisashe a kasuwanni da murya, ba sai ya iya karatu ba. Har babur ɗina na sayar saboda ita. To, lokaci ya yi da zan kai ta wurin waɗanda na yi ta dominsu.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai hagu da dama. Gudron kuwa, wato kwaltar, wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya sauka gefe ya bi sawun amalanke, wai nan ya fi daɗi. A Bakin Birji muka sha shayi da burodi. Mai shayin ya zuba sukari kamar yana fushi da shi.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Tanout, babban garin Damargu, muka zarce kasuwar bisashe. Wanda na fara tara wani dattijo ne, dillalin raƙuma. Na kunna masa manhajar, ya ji waya na faɗin kuɗin rago da Hausa tsantsa, ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Ya miƙo wayarsa ya ce in sa masa.

Nan aka fara. Manhajata ba ta cikin shagon babban kamfanin da ke riƙe da wayoyin, don ban cika sharuɗɗansu ba tukuna, sai dai in tura daga waya zuwa waya. Ina turawa sai gargaɗi ya fito da jan rubutu, da Faransanci. Dattijon bai iya karatu ba, amma ya san ja.

"Ɗana, me ta ce?"

Na so in yi ƙarya, wallahi. Na ce, "Baba, cewa ta yi abin zai iya lalata wayar. Amma ba gaskiya ba ne, don dai ba tasu ba ce."

Ya karɓi abarsa a hankali ya zura aljihu. "Ka yi haƙuri, hotunan jikokina na ciki."

Haka na yini. Abin da ya fi ci mini rai, ko'ina na waiwaya sai in ga Buzu ko Bafulatani ya danna babban yatsa kan waya yana aika saƙon murya, da manhajar da ta zo cikin wayar tun daga kwali. Masu ita ba su taɓa shan ruwan Tanout ba, ba su san tunkiya da akuya ba, amma suna cikin aljihun kowa. Ni da na sha rana ina bin kasuwa kasuwa, ni ne baƙon da ake tsoro. Na sayi cuku biyu a dala arba'in, na zauna ƙarƙashin aduwa ina tauna kamar shi ya yi mini laifi.

Mun kwana gidan wani ɗan'uwan abokina, mutumin Maraɗi, ma'aikacin coci. Matarsa ta yi mana tuwon gero da miyar kuka mai man shanu, irin wanda ke sa mutum ya manta damuwa na ɗan lokaci. Ita kam ta yarda aka sa mata manhajar, ina jin don tausayi.

Da safe muka kama hanyar Belbeji. Jar ƙasa ce da rairayi, mota na rawa, garkunan shanu na tare mu ba sa ko kallonmu. A hanya rediyo ya kawo labarin wata gwamnati can ƙasar Turawa da ta maka wani babban kamfanin manhaja kotu, kan ya yi babakere a kasuwa, yana tura nasa gaba yana toshe wa ƙanana ƙofa. Abokina ya ce, "Sai mu ma mu kai su ƙara wurin prefe mai mulkin yankinmu, a aika jandarma ya kamo su." Direba ya yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ƙyashi ne ya kama ni, na samarin can masu aiki irin nawa, waɗanda in an danne su akwai mai tsaya musu.

A Belbeji na sami wani mai gyaran waya, sa'ana, yana da rumfa da faifan sola, wayoyi sun fi talatin a caji. Ya saurare ni sosai. Sai ya ɗauko wayar wani makiyayi ya nuna mini: ta cika maƙil da manhajojin kamfani, rabinsu mai wayar bai taɓa buɗewa ba, kuma ba sa goguwa. Ya danna, ya sake dannawa, babu wurin gogewa.

"Ka gani, aboki? Ko sun yarda, ina za ka zauna?"

Na fara zuba, ina cewa zalunci ne. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "In da kai ne mai kamfanin, za ka bari a goge taka?"

Gaskiya ita ce tun a mota nake saƙa yadda zan lallaɓi masu sayar da waya su riƙa sa tawa tun kafin a saya, yadda ba za ta fita ba. Mai gyaran ya sa manhajar tawa a tasa wayar, ya ce zai gwada ranar kasuwa. Ya kuma sa aka kawo mana fura da nono mai sanyi, bai bar mu mun biya ba.

Mun iso gida gab da magariba. Maiɗakina ta tare ni a ƙofa tana tambayar mutum nawa suka karɓa. Na ɗaga mata yatsu biyu, ta je ta ɗora ruwan wanka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, kyawun aiki bai isa ba in wani ne ke riƙe da ƙofa, kuma mai riƙe da ƙofa ba ya sakinta don kansa, ko da ni ne. Shi ya sa na zauna na rubuta wa hukumar da ke kula da sadarwa takarda, ina roƙon a duba wayoyin da ake shigo mana da su, a bar mai waya ya goge abin da ba ya so. Hujjojina na gaskiya ne. Amma ba zan ɓoye muku ba, kishi ne ya riƙe alƙalamin.