Ranar da Ajebo Ya Sungumi Dutsen Burtali

Ya ɗauka, jama'a! Wallahi tallahi ya ɗauka, da hannayen nan nasa masu laushi kamar biredi, a gaban gari guda, kuma rawanin Baffa yana nan daram a kansa har yanzu da nake danna muku wannan. To, na san na yi muku tsalle. Bari in koma farko.

Wanda ya ɗauka ɗin ɗan goggona ne, taubashina ke nan. A Abuja aka haife shi, a can ya tashi, cikakken ajebo, irin waɗanda ba su taɓa ganin inda gyaɗa take fitowa ba. Ni kuwa 'yar Kazaure ce gaba da baya. Na dawo hutun damina daga makaranta ke nan Goggo ta diro da shi, wai ya zo ya ga tushe. Tushen da tun daga tasha ya fara toshe wa hanci.

A gidanmu duk baƙon da ya zo ni ce 'yar rakiya, don kowa ya shigo garin nan sai ya ce a kai shi ya ga duwatsu, ya ga ruwa, ya ɗau hoto. Ina son aikin, ba ƙarya. Na kai malamai, na kai 'yan hidimar ƙasa, har wata tsohuwa daga Katsina na taɓa turawa ta baya sai da muka kai ƙololuwa tana ta sa mini albarka. Amma wannan bawan Allah, shi ya fara sa ni tsanar rakiya.

Na kai shi bakin dam da yamma, iska na kaɗawa, masunta na jan koma. Ya leƙa ya ce, "Wannan ne dam ɗin? Kwatamin bayan gidanmu ya fi shi."

Na kai shi kasuwar Gwiwa, ya ce warin awaki zai kashe shi. A Babura ya ji 'yan kasuwa na ciniki da sefa, kuɗin Nijar, ya tambaye ni wai sunan wani abinci ne. Sunana ma ya daina kira, sai Ƙauyus. Ƙauyus zo riƙe mini waya. Ƙauyus ina ake samun sabis a jejin nan. Ni kuma Ajebo nake ce masa, tunda taubasai ne mu, babu mai hana mu. Sai dai namu ya wuce wasa. Ni dai na san har cikin raina ba na ƙaunar ganin ƙeyarsa.

Sai ranar da ya ce shi dutsen gaske yake son hawa, ya yi fikinik, ya dafa taliya da itace kamar yadda yake gani a waya. Babana ya ce to ai sai ƙauyen Baffa, can hanyar Roni. Baffa shi ne yayan su babana da Goggo, kuma shi ne dagacin garin. Muka tafi mu uku har da Goggo, ita za ta wuni a cikin gida wajen matan Baffa.

Tun a zaure ya fara zubar mana da mutunci. Ni na cire takalmi na durƙusa. Goggo da duk gwala-gwalanta ta zube tana "Yaya, ina kwana." Shi kuwa gogan naku, a tsaye ƙiƙam, da farin kambas a kan tabarma, ya miƙa wa dagaci hannu! Dattawan da ke zaune suka sunkuyar da kai. Baffa ya karɓi hannun, ya yi murmushi, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan birni." Ni kuwa ji na yi kamar in nitse.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan maganar take. A gindin dutsen garin akwai burtali, hanyar da shanun ruga suke bi su gangara su sha ruwa. Gefensa gonakin gero ne. Shekarun baya an yi mummunan rikici a wurin tsakanin manoma da makiyaya, har aka fasa kawuna. Baffa ne ya zaunar da su, aka ja iyaka, aka jera duwatsu a bakin gonakin, kowane an binne rabinsa a ƙasa, ɓangarorin biyu suka rantse a kai. A ranar hakimi ya gaya wa Baffa a gaban kowa: in aka sake zubar da jini a burtalin nan, rawaninka ya tafi. Duwatsu ne kawai, ba fenti ba rubutu. Amma a garin nan ko akuya ce ta zauna a kan ɗaya sai an kore ta.

Da muka zo wucewa na nuna masa su na ce, "Ajebo, ka ga waɗannan? Ba a taɓa su."

Ya tuntsire da dariya. "Aljanu ne a ciki, ko? Kai, camfi zai kashe ku."

Na fara yi masa bayanin iyaka da rantsuwa, sai ya cusa iyafis a kunne ya yi gaba yana kaɗa kai. Na ce a raina, ka ji da shi.

Mun hau. Ba zan ɓoye ba, saman ya yi kyau ranar. Ko'ina kore shar, gero ya kai ƙugu, ana hango rufin kwanon ƙauyuka suna walƙiya, shanu can ƙasa farare kamar an watsa auduga. Shi bai ma kalla ba. Cire riga ya yi ya rage singileti, yana murɗa damtse yana cewa in ɗauke shi ta nan, in ɗauke shi ta can. Dama aikinsa ke nan, kullum sitatus ɗinsa yana wurin ɗaga ƙarfe.

Da muka sauko azahar ta yi. Na bar shi a gindin wata tsamiya da tukunyarsa da taliyarsa, na ce ya nemi duwatsun murhu a bakin dutse, ni zan shiga ruga in yi salla in sayo mana nono.

Ina cikin rugar, na idar ke nan, na ji ihu. Mata suka fara kwashe yara. Na fito da gudu.

Mai gonar da ke bakin burtali ya zo duba geronsa, ya tarar da ramuka uku a jere inda duwatsu suke. Ga kuma sawun shanu a kusa. Shi ke nan, ya kurma ihu wai Fulani sun tuge iyaka za su faɗaɗa burtali. Makiyaya suka ce ƙarya ne, shi ya cire don ya ci hanyar shanu. Kafin ka ce me, wannan gefe fartanyoyi, wancan gefe sanduna, ana ta nuna wa juna yatsa ana tuno fasassun kawunan da.

Ni kuwa ina waigawa gindin tsamiya na hango hayaƙi. Ga Ajebo ya harɗe, iyafis a kunne, tukunya na tafasa a kan duwatsu uku masu kyau, kai ɗaya, rabin kowane da jar ƙasa. Yana ganina ya ɗaga cokali ya ce, "Ƙauyus, ga aljanunku nan na dafa taliya da su. Ba abin da ya same ni."

Ban san sanda na fizge abin kunnen na yi jifa da shi ba.

Baffa ya iso kafin a kai ga duka, Allah ya taimaka. Ya shiga tsakiya ya ce kowa ya ajiye abin hannunsa. Hayaƙin gindin tsamiya kuwa ya tona wa kowa wanda ya cire duwatsun. Aka aika wa hakimi, wakilinsa ya zo a kan babur bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi a nan bakin burtali. Arɗo, shugaban rugar, ya zauna da mutanensa a gefe guda, mai gona da nasa a ɗaya gefen. Mu mata muna can baya a tsaye. Goggo ta iso tana haki, mayafi a hannu.

Ga ƙa'idar da aka rantse a kanta tun farko: wanda ya cire dutse shi zai mayar da hannunsa, a gaban kowa. Manomi ba zai taɓa ba, makiyayi ba zai taɓa ba, dagaci da mutanen gidansa ma ba za su taɓa ba, don kada gobe a ce wani ya matsar da shi ya ci wa wani taki ɗaya.

Aka gaya wa Ajebo. Ya kalli farin kambas ɗinsa, ya kalli duwatsun da suka yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ya ce, "Ni? A gaban mutanen nan? Saboda dutse? Ba zan yi ba."

Goggo ta durƙusa ta ce, "Ranku ya daɗe, yaro ne, bai sani ba. Ni zan kawo leburori gobe, a zuba ginshiƙan siminti tun daga nan har bakin ruwa."

Arɗo ya ce a hankali, "Hajiya, ai ba a kan siminti muka rantse ba."

Mai gona ya ce, "Da ɗan wani ne da tuni an tilasta shi. Amma tunda ɗan gidan sarauta ne, ai shi ke nan."

Maganar nan ta faɗi kamar an jefa garwashi a danga. Na ga hannaye sun fara komawa kan sanduna. Wakilin hakimi ya juya ga Baffa ya ce, "Dagaci, dokar nan kai ka kafa ta. In baƙon gidanka ya taka ta ya wuce, me zan je in faɗa?"

Baffa ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Ɗana, taimake ni." Shegen yaron nan ya kau da kai yana latsa waya. Sai na ga hannun Baffa ya tashi a hankali ya kama jelar rawaninsa. Zai warware da kansa, kafin a warware masa. Mutumin da ya hana garin nan cin junansa, a kan taliya!

Ku gane, mace, yarinya ma, ba ta buɗe baki a zaman manya. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da aka yarje mini in ci wa fuska ko a gaban waye, kuma ga shi nan tsaye yana shan ƙamshi. Na ɗaga murya daga bayan mata.

"Ranku ya daɗe, ku yi masa afuwa! Ba ƙi ya yi ba, ba zai iya ba ne!"

Kowa ya waigo. Wani dattijo ya daka mini tsawa. Wata tsohuwa mai tallan nono ta ce, "Ku bar ta, taubashinta ne." Shi ke nan, na samu lasisi.

"Wallahi ƙarfen da yake ɗagawa a hoto na roba ne, hura shi ake yi! Ɗazu ma da ƙafa ya mirgino su yana nishi kamar mai naƙuda. Inna, ara masa gammonki, kada kan ajebo ya fashe. A kawo masa zani ma ya ɗaura, in ya so mu ce 'yar Goggo ce ta zo!"

Wani saurayi a cikin makiyaya ya fara ƙyalƙyalewa da dariya. Sai ta kama manoma. Mutanen da ɗazu suke shirin rotsa kan juna, ga su sun dafa sanduna suna dariyar mutum ɗaya. Tsohuwar nan kuwa da gaske ta ciro gammonta ta miƙo.

Idon Ajebo ya yi ja wur. "Ke Ƙauyus! Ni kike wa?"

"Kai fa, amarya. In ka isa ka ɗaga."

Ya cilla wa Goggo wayarsa, ya taka fuu zuwa gindin tsamiya, ya sungumi na farko. Bai san dutsen murhu yana daɗewa bai huce ba. Ya yi ƙara, amma ya ga ina kallonsa ina tafi, sai ya ƙi saki. Ya rungume shi a ƙirji ya kai ramin. Na biyu ya faɗo masa a kan kambas. Na uku ya dasa shi a juye, sai Arɗo da mai gona suka haɗa baki lokaci guda, "Juya shi! Ba haka yake ba!" Wannan ce magana ta farko da suka yarda da juna a kanta tun azahar.

Ya juya. Aka taka ƙasa aka danne. Wakilin hakimi ya bi layin da ido, ya tambayi kowane ɓangare ko ya gamsu, aka shafa fatiha. Baffa ya saki jelar rawaninsa.

Ku zo ku ga ɗan gayu. Singileti baƙi, tafin hannu ya yi bororo, toka har gira. Ban tausaya masa ba ko na sakan, kuma kada wanda ya ce mini in tausaya.

Da za mu tafi na je sallama, Baffa ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wannan bakin naki, Allah ya shirye shi." Sannan ya sa aka ɗebo mini ƙwan zabi cike da ƙwarya.

Ajebo ya toshe ni a ko'ina, har yau ba ya gaisawa da ni. Goggo ma sama-sama take amsa mini. Su suka sani. Ni dai na wuce ta burtalin nan kwanan baya, duwatsu uku baƙaƙe suna nan a cikin layi, shanu na bi ta gefensu suna gangarawa ruwa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na gaba, musamman 'yan uwanku na birni masu shirin zuwa mana yawon ganin duwatsu. Ku zo, muna maraba, ni da kaina zan raka ku. Amma in 'yar gari ta ce kada a taɓa abu, a cire abin kunne a saurare ta. Ku tura.