Zariya zuwa Abuja da Kular Ƙanƙara

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da direban sashenmu, kula cike da ƙanƙara a kan cinyata. A ciki akwai ƙwayoyin jinin da na haɗa da ƙwayar cutar ƙanjamau iri biyu: ɗaya cikakkiya, ɗaya mun cire mata wani ɗan furotin, don mu ga ko rashinsa zai rage mata ƙarfin kamawa. Mun riga mun kashe cutar, amma na'urar da za ta auna sai Abuja.

Direban ba mai surutu ba ne. Bayan Kaduna rana ta buɗe, ga ramuka, ni kuwa ƙanƙarata kawai nake tunani. A wani shinge jami'i ya leƙo ya ce, "Hajiya, nama ne?" Da na faɗa masa, da sauri ya ja baya ya ce mu wuce.

Da muka isa Abuja, direba ya sauke ni ya juya. Ogan ɗakin gwajin ya karɓi kular, ya ce da Hausarsa ta Abuja, "Madam, ka dawo jibi."

Masaukin cikin gari ya fi ƙarfina, sai na kama ɗaki a Mararaba. Mutane maƙil, cunkoso ba iyaka, amma ba fuskar da na sani. Washegari na je kasuwar kifi ta Kado, aka gasa min tarwaɗa mai yaji. Na cinye ni kaɗai, ba wanda zan ce wa bismillah.

Ranar sakamako na koma ɗakin gwajin na duba. Cikakkiyar cutar ta mamaye ƙwayoyin jinin, wadda muka cire wa furotin kuwa da ƙyar ta shiga kaɗan. Na waiwaya in nuna wa wani, oga yana waya. Na fita waje na kira Umma, wadda ta yi jinyar yayana har cutar nan ta ɗauke shi.

"An samu maganin ke nan?"

"A'a Umma, mun dai gano ɗaya daga cikin makaman da cutar ke yaƙi da su."

Ta ce, "Allah Ya jiƙan yayanki. Ki ci gaba."

Motar haya na biyo zuwa gida, na iso da la'asar. Tafiyar ta koya min cewa aikin nan a hankali yake tafiya, kuma sau da yawa ba mai tafa maka. Ranar Litinin na koma ɗakin gwaji, na sake shi daga farko, don a tabbatar.